Shaidar Hajja Gambo

Duk yarinyar da ta zo wurina neman aiki, magana ɗaya ce a bakinta: "Khala Habi, ki samo min zaman tsohuwa, na gaji da goge-gogen gidan Larabawa." Wai zama. A tunaninku za a ajiye muku kujera a ƙarƙashin mukayyif mai hura sanyi, tsohuwa tana barci kuna latsa waya, wata ya ƙare a miƙo muku albashi. To ku ajiye wayoyin nan in faɗa muku yadda na koyi wannan zaman. Zan kuma ba ku labarin Hajja Gambo, wadda burinta ɗaya a duniya shi ne a binne ta a Jidda, ta zo ta manta da burin, ta bar min shi a hannu.

Umara na zo, kamar yawancinmu, na ƙi komawa. Na yi wankau, na yi aikatau, na kasa gyaɗa a bakin makaranta, har wata maƙwabciyata ta ce Inna Asabe ta unguwar Nuzla tana neman mai ƙarfi a jika. Gidan na wani attajirin Balarabe ne da ya rasu, 'ya'yansa suka bar shi sadaka gare shi, ba a karɓar haya. Tsohon gini ne, ɗakuna a jere, tsakar gida a buɗe, ga darbejiya a tsakiya. Inna Asabe Bakatsiniya ce, doguwa, ga baki ga zuciya. Ta tara tsofaffin matanmu da gigin tsufa ya kama, abin da Larabawa ke kira kharaf. Galibi 'ya'yansu na fita nema tun da asuba, babu mai tsaron su, sai dai a tsinto su a titi ba takalmi.

Aikina na farko wanka ne. Inna ta nuna min wata tsohuwa 'yar firit, na ce a raina wannan ai da hannu ɗaya zan ɗauke ta. Na haɗa ruwa, na kai hannu zan cire mata riga, sai ta kurma ihu wai ɓarauniya, ta damƙe min ɗankwali har da gashin. Inna tana tsaye tana dariya har da riƙe ciki. Ta tambaye ni ko ni in wata da ban sani ba ta faɗo min ɗaki ta fara tuɓe ni, godiya zan yi mata. Sannan ta ɗauko buta ta tsuguna, ta ce wa tsohuwar an kusa kiran salla, ta zo su yi alwala. Da kanta tsohuwar ta miƙo hannu. Daga hannu aka je fuska, daga fuska aka gangara ƙafa, kafin ta ankara an lulluɓa mata zani an wanke sauran jikin ta ƙarƙashinsa. Matar nan ta manta sunan 'ya'yanta kaf, amma ba ta manta alwala ba, kuma har yau da ita nake fara kowane wanka.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Buta, bahon roba, kujerar wanka mai huda a tsakiya, ledar shimfiɗa, tsummoki masu yawa, kofi mai hannu biyu, ƙaramin cokali, da man kaɗanya da muke roƙon alhazai su taho mana da shi, don babu abin da ya kai shi a bayan tsohuwar da ta daɗe a kwance. Farantanmu duk jajaye ne, saboda farar shinkafa a farin faranti idon mai gigi ba ya ganinta, sai ku ce ta ƙi abinci alhali ba ta san an ajiye ba. Madubi babu shi a gidan, tun ranar da wata ta hango kanta ta tayar da rigima wai an sa mata baƙuwa a ɗaki ba a nemi izininta ba. Ƙofar gida kuwa ba ma sa mata kwaɗo da rana. Baƙar darduma Inna ke shimfiɗawa a bakinta. Tsohuwa ta zo fita ta ga baƙi a ƙasa, ta ɗauka rami ne, ta tsaya ta yi ta kallo, sai ka kamo hannunta ka ce shayi ya dahu.

La'asar ita ce lokacin gumurzu. Da rana ta karkata sai gidan ya ruɗe, wannan tana neman mayafi za ta ɗauko yara daga makaranta, waccan ta ce mijinta ya kusa dawowa ba ta ɗora tukunya ba, mijin da ya daɗe da zama ƙasa. Dokar Inna ita ce ba a musu da su, ba a kuma ce musu wane ya rasu, don duk ranar da kika faɗa, ranar ce ya mutu a wurinta. Aiki ake ba hannu. Mu zube su a inuwar darbejiya, mai tsintar wake na yi, mai ƙulla gyaɗa a leda na yi, mai ninke tsumma na yi. In sun gama mu faki ido mu mayar da tsakuwar cikin waken saboda gobe. Wata ta ɗauko waƙar daka, saura su amsa, ga ƙanshin turaren wuta, ga hayaniyar 'yan ƙwallo daga lungu. Ban taɓa jin daɗin wani wuri a duniya kamar tsakar gidan nan da yamma ba.

Za ku ce wa ke biyan duk wannan. Unguwa ce ke biya. 'Ya'ya su kawo abin da ya sawwaƙa, wani ya kawo kullum, wani sai ya ji kunya. Matan da ke kasa kaya a kasuwa suna da adashi, a kowane zagaye kwasa ɗaya ta gidan Inna ce. Bayamanen da ke da kanti a kwanar layi yana aiko da burodi da madara, direban tankar ruwa yana rage mana, da azumi kuma zakka ta shigo mu sayi abin da zai kai mu nesa. Akwai wata nas 'yar Zariya da ke aikin kwantiragi a asibiti, ranar hutunta take zuwa ta auna musu jini da suga, ta koya mana juya mai kwanciya don kada baya ya ƙwaile. Ku sani ba abinci ke cin kuɗin tsoho ba. Famfas ne, da magani, da wutar mukayyif a watannin zafi. Albashina kuwa wani watan ya zo da kansa, wani watan ya aiko da gaisuwa.

Inna tana da wata al'ada da ban gani a wurin kowa ba. Ranar da aka kawo sabuwar tsohuwa, in da sauran hankalinta, sai ta kori 'ya'yan waje, ta dafa shayi, ta kira biyu daga cikinmu mu zama shaida. Ta tambaye ta abin da take son ci da wanda ba ta so, da wanda take so ya yi mata wankan gawa, da inda take so a binne ta. Na taɓa tambayarta dalilin korar 'ya'yan. Ta ce uwa a gaban ɗanta ba ta faɗin abin da take so, abin da ba zai yi masa nauyi ba take faɗa. Ba a rubuta komai. Kunnenmu ne ma'ajiya.

Ni da wata Uwani muka yi shaidar Hajja Gambo. Tun tana amarya suka taho da mijinta ta Sudan, wani wuri a mota, wani wuri a ƙasa, suka ƙetaro teku. Ta yi wa alhazai wanki har hannunta ya kanannaɗe. Mijin, Malam Sani mai ɗinkin hula, a Jidda ya rasu. 'Ya'yanta duk sun riga ta sai autan, Abdu, haifaffen nan, direba a gidan kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, yana da iƙama, wato takardar zama, da mata da yara. Shi ya kawo ta, bayan ta ɗora tukunya a wuta ta fita ta bar gidan. Ranar hankalinta garau yake. Da Inna ta kai ga tambaya ta ƙarshe, sai ta ajiye kofin shayin.

"Asabe, da ƙafata na zo ƙasar nan. Na binne Malam a nan, na binne 'ya'ya a nan. Kada ki bari a sa ni a jirgi. Ko da bakina kika ji na ce ina so, ba ni ba ce ke magana."

Inna ta juyo ta ce mun ji, muka ce mun ji.

Ta yi shekaru a hannuna. Mace ce mai tsabta da iko, in na shimfiɗa zanin gado a karkace sai ta sa na sake. Larabcinta ne ya fara zubewa, ta koma Hausar ƙauyensu zalla, ga Abdu kuma Hausarsa ta ji ce, ba ta faɗa ba. Ya zo ranar Juma'a ya yi ta zuba mata Larabci, ita tana ba shi amsa da labarin gonar babanta, su rabu kowa ya gamsu. Ni kuwa ta mayar da ni Ladi, ƙanwarta da ta bari a gida, na kuma amsa. Ba ta cin abinci sai ta ga na ɗanɗana, ba ta barci sai an shafa mata man kaɗanya a ƙafa. A cikin waɗannan shekarun Inna Asabe ta kwanta rashin lafiya ta rasu, gidan ya dawo hannuna. Uwani kuma aka tare ta a binciken takardu aka mayar da ita gida, daga nan ban ƙara jin ɗuriyarta ba. Shaida ta rage ni kaɗai.

Sai shekarar rusau. Kun san ta, wasunku a ciki kuka rasa ɗakin da aka haife ku. Muka wayi gari an yi rubutu da jan fenti a bangon gidanmu, kamar yadda aka yi wa duk layin. Allah ya yi wa Inna gata da ba ta gani ba. Nuzla ta koma kasuwar 'yan dako, katifu a kan motoci, tukwane a titi, kowa na tambayar kowa ina za ku. Haya ta yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Bayamanen ya kwashe kantinsa, matan adashi suka watse, wasu Makka, wasu gida. A nan na gane ba gini ne ke riƙe da tsofaffin nan ba, maƙwabta ne. 'Ya'ya suka dinga zuwa suna ɗaukar iyayensu ɗaya bayan ɗaya, har ya rage Hajja Gambo.

Ni da Abdu muka je wani gidan kula da tsofaffi na kuɗi a arewacin gari. Ba zan yi musu ƙarya ba, ban ga abin kushewa ba. Ko'ina fes, gado mai tashi da maɓalli, likita a kusa, ma'aikatan ga fara'a ga sanin aiki. Da aka faɗi kuɗin wata, Abdu ya yi murmushi kawai, don ko bai ci bai sha ba albashinsa ba zai je ko'ina ba. Suka kuma nemi iƙamarta, takardar kuwa ta daɗe da mutuwa. Gidajen gwamnati na 'yan ƙasa ne. Muka dawo a motar kafilinsa.

Shi ma gidansa na unguwar Kurayyat an shafa masa jan fentin, ga matarsa Maryam da tsohon ciki, ga sabunta iƙamar iyali ta taso. Abin hannunsa ɗaki ɗaya zai kama, kuma ba a haɗa mai gigi da ƙananan yara da mai jego a ɗaki ɗaya. Sai ya zo da shawara. Akwai dangin babansa a Kano masu gida da fili, sun ce a kawo ta. Riyal ɗin da ba zai saya mata kusurwar ɗaki a Jidda ba, a can zai ɗauki masu jinya biyu, ya sayi nama, ya kira likita. Za ta ji Hausa ta ko'ina. Shi kuma ya zauna da iyalinsa a nan yana aika kuɗi. Ni da na san aikin, na san shawarar ba ta da aibi. In jikinta ake dubawa, Kano ta fi mata komai.

Da hantsi ya same ni ina ɗaure tsummoki a tsakar gida, an riga an yanke mana wuta. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya daɗe yana wasa da makullin mota.

"Ya Khala, Inna Asabe ta taɓa ce min ta yi wa Ummi tambaya ranar da na kawo ta. Esh galat? Me ta ce?"

Babu mai ƙaryata ni a duniya in na ce na manta. Inna tana kabari, Uwani ba a san inda take ba, mai maganar kuma tana can gindin darbejiya tana ninke tsumma ɗaya tun safe. Na dubi yaron nan, duk ya rame, na tuna Maryam da cikinta, tausayinsu ya kama ni. Amma ba don in auna abin da ya fi aka zaunar da ni ranar ba, don in ji aka zaunar da ni. Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba.

Ya miƙe ya je gabanta ya durƙusa, ya haɗo 'yar Hausarsa. "Ummi, za ki je Kano?"

Ta washe baki. "Kano? To, mu je mana. Bari in ɗauko mayafina."

Ya juyo ya dube ni, idonsa cike da roƙo. Na ce masa ai ta faɗa mana za ta ce haka. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya share fuska da gefen rigarsa ya ce, "Halas, shi ke nan."

Maryam da yaran ne suka hau jirgin Kano. Ya kama ɗaki can gabas, bayan babban titi, a saman wani bene, muka koma ni da Hajja. Kada ku ɗauka daga nan labarin ya yi daɗi. Taga ɗaya ce, mukayyif ɗin ya tsufa, babu tsakar gida, babu inuwa, babu maƙwabcin da ya san sunanmu. Nas ɗin nan ta gama kwantiraginta ta tafi. In la'asar ta yi Hajja ta tashi neman hanya, taku kaɗan ta ci karo da bango. Ba a jima ba ta daina tafiyar, ta kwanta, na koma juya ta ina shafa mai, ina yanka tsofaffin zannuwa in famfas ya yanke. Kulawar da ta samu a ɗakin nan ba ta kai ta Nuzla ba, ba ta kai wadda za ta samu a Kano ba, kuma ni na fi kowa sani. Sau da yawa ina kallonta ina tambayar kaina ko alheri na yi mata.

Abdu a gidan kafilinsa yake kwana, a ɗakin direbobi. Kullum ya tashi aiki sai ya hawo benen nan da jarkar ruwa a kafaɗa da leda a hannu. A lokacin ta daina gane shi ɗungum. In ya shigo sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta ce, "Ladi, kawo wa baƙo ruwa." Ya karɓa ya sha ya yi godiya, ya zauna yana matsa mata ƙafa. Maryam ta haifi mace a Kano, a waya ya ga suna. Bai iya zuwa ba, don kuɗin jirgi shi ne kuɗin ɗakin. Mun ɗauka watanni ne suka rage mata, sai ga ta ta kai mu azumi, ta kai mu wani. Bai taɓa ce min komai a kan abin da na faɗa masa ba, ni ma ban tayar ba.

Da safe Hajja ta cika, ina ba ta kunu, a hankali kamar wadda barci ya ɗauke. Inna Asabe ce Hajja ta zaɓa ta yi mata wanka, tun da babu Asabe ni na yi, na fara mata da alwala. Takardu sun ba Abdu wahala, ya yi ta zirga-zirga kafin a ba da izini. Maƙabartar da aka samu wuri ba ita ce ta Malam Sani ba, amma ƙasar Jidda ce, kuma ba a sa ta a jirgi ba.

Har yanzu ina yin tambayar Inna ga duk tsohuwar da aka kawo min, sai dai na sauya abu ɗaya. In mun gama da ita mu kaɗai, ina kiran ɗan ya shigo ta maimaita a gabansa, ko da za ta ji nauyi. Wanda zai ɗauki kayan ya kamata ya ji tun daga bakin mai shi, tun yana da lokacin shiri. Wannan shi ne aikin da kuke kira zama. Bahon da tsumman kowa zai iya koya a wata guda.

Abdu ya ajiye aiki bayan an share makoki, ya tattara ya tafi Kano gaba ɗaya. Da ya sauka ya aiko min da saƙon murya, ina jin hayaniyar yara a bayansa. Ya ce kowa lafiya, manyan sun yi tsawo, Maryam tana gaishe ni. Ƙaramar ce dai, da ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta ruga bayan uwarta tana cewa baƙo ya zo. Ya ɗan yi dariya.

"Ba komai, ya Khala," ya ce. "Na saba."